Inda Ruwan Bashen Alhaji Hamani Yake Tafiya

Kun sha jin labarin bula. Ke Hajara har kin taɓa ba mijinki shi a gabana kina ƙara masa gishiri, wai ubanku ne ya gano yoyon da ya gagari makanikan Yamai kaf, da bular wanki kawai. Ni kuma na zauna ina kaɗa ƙafa kamar minista. To rabi nake ba ku, rabin da ake dariya. Yau da gwiwoyina suka ƙi ni, likita kuma ya hana ni tuƙi, zan ajiye muku ɗaya rabin a takarda. Ku yi haƙuri da rubutun, kun san lakwal, makarantar boko, ba ta daɗe da ni ba. Kwaikwayon tafiyar mushe, wato malaminmu, na yi a gaban aji, ban san yana bayana ba.

Shekarar da soja suka karɓi mulki ke nan, ina da wajen shekara ashirin. Ni Illa, Ba'are, na baro Dogonduci da riga biyu da baki guda, bakin kuwa ya fi rigunan yi mini aiki. Da shi na samu parmi, wato lasin mota, da shi na samu tuƙi wajen Alhaji Hamani, wani Bazabarme ɗan asalin Gaweye, can bakin kogi kusa da gada. Dukiyarsa tsohuwar bashe ce, irin motar nan mai buɗaɗɗen baya da rumfar tanti. Ta girme ni a wahala. Ƙofar shofer, wato direba, da igiya nake ɗaure ta, in za ta tashi sai ta yi tari uku kamar mai neman a lura da shi a masallaci. Amma tana tafiya, kuma a shekarar duk abin da ke tafiya an sa shi jigilar hatsin taimako. Damina ta ƙi shekara da shekaru. Kogi ya ja baya ya bar yashi. Kullum mutane na shigowa gari ta gada da ta hanyar arewa, ba kaya a kai, ba dabba a gaba. Soja kuwa sun zo da magana guda: wanda ya taɓa hatsin talakawa ya taɓa wuta.

Cikin masu shigowar nan Sambo yake. Bafillace ne, dogo, siriri, ya girme ni da kamar shekara goma sha biyar. Shanunsa sun ƙare ɗaya bayan ɗaya tsakanin rijiya da rijiya, sandar kawai ta rage. Alhaji ya ɗauke shi gadi. Ba albashi ba ne abin, rumfar kara ce a gefen mota da kwanon tuwo daga tukunyar gida safe da yamma. A rumfar yake da matarsa da ƴarsu Dija, yarinya ƴar shekara uku da ta iso gari wuyanta kamar sillen kara. A wata biyu kumatu suka dawo mata. Wannan rumfa da wannan kwano su ne tsakaninsu da sansanin ƴan gudun yunwa da ke bayan gari, inda baƙon dauro ke ɗibar yara kullum.

Kun san abin da ke tsakanin Ba'are da Bafillace. Taubasai ne mu, ni in zage shi, shi ya zage ni, ba mai fushi, ba mai kai ƙara. Ran da na fara ganinsa na ce:

"Alhaji, ina ka samo mini bawa? Wannan ai iska za ta ɗauke shi da gadin."

Bai ko ɗaga kai ba ya ce:

"Alhaji, wanga shi ne shofer? Na ɗauka buhu ne ya faɗo daga mota. Ba'are in bai ƙoshi ba bai san sunan ubansa ba."

Matan gida suka fashe da dariya. Daga baya matarsa ta ce tun da saniyarsu ta ƙarshe ta faɗi ba ta ji ya haɗa magana mai tsawon haka ba. Daga ranar muka ɗaura. Ni in ce masa Sarkin Sanda, shi ya ce mini Tumbi. Ya rasa abin kiwo sai ya koma kiwon bashe. Da safe ya goge ta da tsumma, ya zagaya ta yana taɓa pine, tayoyin nan, ɗaya ɗaya kamar mai duba kofato, ya ɗebo ruwa daga kogi a bido, wato jarka, ya buɗe kapo, murfin injin, ya cika radiyatar. Har magana yake mata da Fillanci.

Shi ya fara lura.

"Tumbi, saniyarka tana shan ruwa fiye da da."

"Ai ta ga Bafillace ne, ta san fari ya zo."

Amma gaskiyarsa. Kullum sai ta nemi kamar kwano guda. Ba yawa ba ne, sai dai mota ba ta shan ruwa, zagaya shi take. In ya ragu, wani wuri ya bi. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, da safe na jawo shi a bushe. Na matsa kowane durit, wato tiyon roban da ruwa ke bi, ba wanda ya yi gumi. Na zaro sandar baƙin mai in ga ko ya koma kamar kunu, lafiyarsa lau. Na tsaya a bayanta ina kallon hayaƙi ko zai yi fari, baƙi ƙirin yake kamar kullum. Na canza murfin radiyatar. Wani a tasha ya ce in zuba garin barkono, na zuba. Wani ya ce farin ƙwai, a shekarar da mutum ba ya samun ƙwai, na fasa mata biyu. Ta ci ta ƙoshi ta ci gaba da shan ruwanta.

Wata rana na dawo daga hanya na kashe inji, Sambo ya zo ya kara kunne a jikin kapo, ya ɗaga mini hannu in yi shiru.

"Tana kuka kaɗan kaɗan. Can baya, wajen ƙirjinta. Kamar an ɗiga ruwa a kan dutsen murhu."

"Ashe likita Alhaji ya ɗauko? Kai da ka kasa jin kukan shanunka, na ƙarfe za ka ji?"

Wannan ta yi nauyi, na gani a idonsa. Amma ya haɗiye ya rama da wata, aka yi dariya aka wuce. Ban kara kunnena ba. Sai dai duk wanda ya tambaye ni inda ruwan ke tafiya, amsata guda ce: Sambo ke tatsar ta. A gabansa nake faɗa, shi kuma ya ce ai Tumbi ne ke jiƙa gari da shi. Har Alhaji ya haddace.

Ran da abin ya faru, mota shida aka haɗa mu za mu kai jar dawa wani gari a arewa. An yi mana lodi fiye da kima, soja biyu a kowace mota, wani sarjan a ta gaba. Ban san sunansa ba, ban kuma nema ba. Rana ta take, hanya duk yashi, inji na aiki kamar zai fito. Allurar zafi ta soma hawa. Na yi kamar ban gani ba, don an gargaɗe mu tun a gari: ba tsayawa. Wasu shofer sun ɓata mana suna, su ce mota ta lalace a daidai inda suka shirya da mutanensu, kafin a dawo buhu uku sun yi ƙafa. Na ci gaba har tururi ya rufe gilashi. Bashe ta tsaya da kanta, kuma don rashin sa'a, kusa da wata ƴar ruga.

Sarjan ya dawo da ƙafa. Ya sa na buɗe kapo. Da ta huce aka leƙa, radiyatar wayam. Mutumin ya san mota. Ya durƙusa ya duba ƙasa, ya bi sawunmu da ido, ya matsa durit ɗin da hannunsa.

"An cika ta da safe?"

"An cika, ranka ya daɗe."

"Ba ta fashe ba. Ba ta ɗiga ba. To ina ruwan?"

Ya dubi rugar, ya dube ni. Ɗaya sojan ya sauke bindiga daga kafaɗa, ba don komai ba, nauyi ta yi masa, amma ni ban ɗauke ido daga kanta ba. Tun ina yaro, duk ramin da na faɗa da baki nake fita. Ban yi tunani ba, bakin ya yi abin da ya saba:

"Ranka ya daɗe, sai dai a tambayi Bafillacen da ke kwana da ita. Shi ke tatsar ta kowace safiya."

Ƙananan sojan suka yi dariya. Na ji sanyi a raina, na ce na fita. Sarjan bai yi ba. Ya zaro ƙaramin littafi daga aljihu.

"Shi ke buɗe ta da safe?"

"E... shi ke zuba ruwa."

"Sunansa."

Ku ji nan da kyau, don nan ne wurin. Ina da lokacin da zan ce wasa nake, taubashina ne, Ba'are ne ni. Kowa a ƙasar nan ya san wannan, shi ma sarjan ya sani. Amma in na ce wasa ne, tambayar za ta dawo kaina, ga ruga a gefe, ga buhuna a baya. Wasan taubashi kuma sai mutum yana tsaye a gabanka zai rama. In ba ya nan, ba wasa ka yi ba, shaida ka bayar. Na san haka a lokacin, ba daga baya na gane ba.

Na ce, "Sambo."

Aka zuba mana ruwa daga bidon wata mota, muka kai dawa, ba buhun da ya ɓace. Na ce a raina shi ke nan, zai manta. Kashegari da hantsi suka zo Gaweye. Ina tsaye da tsumma a hannu aka fito da shi. Bai gane abin da ake tambayarsa ba, Hausarsa ta zagi da ciniki ce, ba ta amsa wa soja ba. Suna cewa wa ya aike ka, su wa kuka shirya da su a rugar, yana ta waigowa wajena, har da ɗan murmushi, yana jira in ce wani abu a yi dariya. Na sunkuya ina goge fitilar da ba ta da datti.

Kwana huɗu ya yi. Ya dawo an aske masa kai, yana taka ƙasa da gefen ƙafa. Ba su same shi da komai ba, amma Alhaji ya riga ya tsorata. An ce masa in aka sake jin sunan gidansa za a cire motarsa daga jigila.

"Kala suru, Sambo. Ka yi haƙuri. Ina da iyali."

Aka ba su dawa a ƙullin zane. Matarsa ta goya Dija, shi ya ɗauki tabarma da sanda. Yarinyar tana ɗaga mini hannu, don na saba ɗora ta a kan bolan, wato sitiyari, tana yin hon. Da yamma uwargidan Alhaji ta zuba tuwo a kwanonsu bisa sabo, ta tsaya da shi a tsakar gida, sannan ta juye a nawa. Na ci. Wannan ma ku rubuta a kaina.

Washegari na cika radiyatar da hannuna. Da na dawo daga hanya, kwano guda ya tafi. Jibi ma haka.

Akwai wani tsohon makanike a bayan kasuwa, Baba Bitrus, Kirista ne daga wajen Maraɗi, ba ya son surutu, saboda haka ba ya sona. Na kai masa ita. Ya saurare ni yana goge hannu.

"Kana dubanta tana sanyi ko tana zafi?"

"Da safe, Baba."

"Da safe kowa lafiyarsa lau. Je ka karɓo bula wajen matata."

Kun ji ko? Ko dabarar ma ba tawa ba ce. Ya jiƙa bular wanki har ruwan ya yi shuɗi sosai, ya zuba a radiyatar, ya ce in loda duwatsu in hau tudu in sauka har allura ta kai tsakiya, in dawo kada in kashe. Na dawo. Ya ɗaure guntun madubi a bakin waya, ya zura shi bayan inji, can ƙasa inda hannu ba ya shiga, ido ba ya kai. Ya daɗe yana juya shi. Sannan ya ce in zo in gani.

A jikin inji akwai wasu ƴan marufai na ƙarfe kamar kwabo, pastil ake ce musu. Ɗaya na can baya, daidai saman bututun hayaƙi. Ruwan kogi mai laka ya cinye shi da tsatsa har ya yi huda kamar ta allura. In inji na sanyi, hudar a rufe take. In ya yi zafi sai ta buɗe, ruwa ya tsirto siriri kamar zare, ya sauka a kan bututun mai zafi, ya ƙone kafin ya ga ƙasa. A madubin na ga layin shuɗi ya zana hanyarsa. Baba Bitrus ya ce in kashe inji. Wurin ya yi tsit, sai na ji shi. Tsss. Tsss. Can baya, wajen ƙirjinta.

"Ai wannan ko kunne ya ishe ka," in ji shi. "Ba wanda ya taɓa ji?"

Na ce babu.

Kwana biyu muka yi kafin mu ciro shi mu buga sabo. Na sa tsohon pastil ɗin a aljihu na tafi wajen Alhaji da sauri, na aza masa a tafin hannu. Na ce ga ɓarawon, mu je wajen sarjan, mu je mu ɗauko Sambo. Ya ɗaga shi sama ya leƙa hasken rana ta hudar.

"Illa, so kake in je in ce wa soja motata ruɓaɓɓiya ce na sa ta a jigilar gwamnati? Ko kai za ka je ka ce ƙarya ka yi musu? Wanne ka zaɓa?"

Na karɓi pastil ɗin na mayar aljihu.

"To dawo da shi kawai, Alhaji, ba sai an je ko'ina ba."

"Sunansa na cikin littafinsu. Ban iya ba. Rumfar ma na ba ɗan ƙanwata."

Ban tafi sansanin a ranar ba. Na ce gobe. Aka tura mu hanya, muka dawo, aka sake tura mu. Gaskiya ita ce tsoron fuskarsa nake. Sai da aka kusa wata na je. Wurin yana can bayan gari ta arewa. Bobiel ɗin nan da muke zaune a lokacin daji ne, ba ko bukka. Rumfunan buhu da kwali ne iyakar ganinka, ga ƙuda, ga wari, ga layin mata da kwanoni. Abin da ya fi tsaya mini shi ne yawan yara da rashin hayaniyarsu. Na yi ta tambaya har wani ya nuna mini.

Yana zaune a bakin rumfa, gashi ya soma tsirowa. Matarsa na ciki ta ba ƙofa baya. Na shirya maganata tun daga hanya. Na ɗaga murya yadda na saba:

"Sarkin Sanda! Ashe nan ka gudo ka bar mini saniya da ƙishirwa?"

Ya miƙe tsaye. Ya kaɗe tabarmar da hannu, ya shimfiɗa mini, shi ya durƙusa a kan yashi.

"Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. An zo lafiya? Ina Alhaji? Ina mutanen gida?"

Ban taɓa jin gaisuwa mai kyau irin wannan daga bakinsa ba. Na zauna. Na ciro pastil ɗin na miƙa masa. Na ce ga shi, a baya yake, inda ka faɗa. Na ce ni na ba su sunanka, ba wanda ya tilasta ni. Na faɗi komai, har tuwon. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya shi, ya dawo mini da shi da hannu biyu.

"Madalla. Allah ya ƙara mata lafiya."

"Sambo, ka zage ni mana. Ni ne fa, Tumbi. Ka ce wani abu."

"Subhanallahi. Ni wa, in zagi shofer?"

Na leƙa cikin rumfar ina neman Dija. Ba ta da girman da za ta ɓoye ko akuya. Tabarma, tukunya, matar, da zanen goyo a ninke a kan sanda. Na buɗe baki in tambaya. Ya riga ni, a hankali, cikin ladabi, kamar mai ba baƙo labarin hanya.

"Kwana tara ke nan. Ta yi ta tambayar mota."

Na zo da dawa mudu biyu a jaka. Na ajiye. Ya yi godiya har sau uku, ya raka ni har bakin hanya yana tafe a bayana da taku biyu, yadda ake raka manya. Da muka kai ya tsaya ya ce in gaida Alhaji.

Na koma bayan sallah, rumfar wasu ne a ciki, ba wanda ya san inda suka nufa. Bashe kuwa ta yi shekara shida a hannuna bayan nan, ko cokali ba ta sake sha ba.